Yadda Baƙo Yake Zama Ɗan Gari a Ƙaramin Tsibiri

Duk wanda ya kwashe kayansa ya tare a ƙaramin tsibiri, akwai tambayar da take cin ransa ko bai furta ba: yaushe za a daina yi mini kallon baƙo? Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar firamare ɗaya tilo ta wani tsibiri da mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Na ga waɗanda suka zo suka saje da jama'a cikin ɗan lokaci, na kuma ga waɗanda suka yi furfura a wurin amma har yau idan ana kwatancen gidansu sai a ce "gidan mutanen nan da suka zo". Abin ya daɗe yana damuna, shi ya sa na bibiyi tarihin wasu tsibirai don in gane ko haka lamarin yake a ko'ina. Na tarar kusan haka yake.

Ka fara da raba abu uku da mutane suke cakuɗawa: zama ɗan gari na takarda, da na asali, da na ɗaukar nauyi.

Na takarda shi ne mai sauƙin ganewa, kuma shi ya kamata ka bincika tun kafin ka ɗaure kaya. Tsibirai da yawa suna da dokar da ta fayyace wane ne nasu. A tsibiran Åland da ke ƙarƙashin ƙasar Finland, sai kana ɗan Finland, ka zauna shekara 5 a jere, ka kuma nuna ka iya harshen Suwidin da suke yi, sannan za ka nemi haƙƙin zama ɗan yankin. Idan ba ka da shi ba ka da ƙuri'a a zaɓen majalisarsu, mallakar fili kuwa sai da izini na musamman. Wanda ya bar tsibiran ya haura shekara 5 a waje, haƙƙin nasa ya faɗi. A tsibirin Jersey da ke kusa da gaɓar Faransa sai ka cika shekara 10 kafin ka sayi gida ko ka kama haya yadda ka ga dama. A Tristan da Cunha, can tsakiyar kudancin Tekun Atlantika, ƙasar duka ta jama'a ce, baƙo ba ya sayen fili. Ka karanta dokar wurin da za ka, ka bi ta, kada ka nemi wata ɓarauniyar hanya. A ƙaramin wuri ba a ɓoye irin wannan, kuma ba a mantawa da shi.

Na asali kuwa ba naka ba ne, ba kuma zai zama naka ba, don haka ka cire shi daga ranka. Wanda kakanninsa suke kwance a maƙabartar tsibirin yana da wani abu da shekarunka ba za su saya maka ba. Yana iya yin shekara 30 a birni, ranar da ya sauko daga jirgi a kira shi da sunan yarinta a ci gaba da hira daga inda aka tsaya. Wannan yana yi wa baƙi ciwo, musamman waɗanda suka yi wa wurin hidima fiye da shi. Na fahimci ciwon, amma gardama a kansa ɓata lokaci ce. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne ka tuna cewa kowane asali a tsibiri daga jirgi ya sauko. A Tristan sunayen zuriya ba su kai goma ba. Glass soja ne ɗan Sikotland da ya zo da rundunar Ingila a 1816 ya ƙi komawa. Green ɗan Holan ne da jirginsu ya tarwatse a 1836. Repetto da Lavarello matuƙa ne biyu 'yan Italiya da teku ta jefo a 1892, suka yi aure suka zauna, har ga shi asibitin tsibirin yana ɗauke da sunan garinsu, Camogli. Haihuwa ma ba ta isa ma'auni ba, domin a ƙananan tsibirai da yawa mata masu juna biyu ƙetarewa suke yi zuwa babban asibiti a tudu, wato can babbar ƙasa, idan wata ya kusa. A Fernando de Noronha ta Birazil, jaririyar da aka haifa a 2018 ita ce ta farko da aka haifa a tsibirin cikin shekara 12, kuma babu mai cewa yaran da aka haifo a waje cikin waɗannan shekarun baƙi ne.

Saura na uku, wanda shi kaɗai ne yake hannunka, kuma a ganina shi ne na gaskiya. Ɗan gari shi ne mutumin da idan ba ya nan za a ga giɓi a aiki. Duk abin da zan faɗa daga nan hanyar isa wannan matsayi ne.

Ranar jirgi

Ka san ranar da jirgin fito yake zuwa, kuma ka kasance a tasha ko ba ka da kaya a ciki. Wannan ita ce shawara mafi girma da zan ba ka, kuma ita ce baƙi suka fi rainawa.

Mutumin tudu yana ɗaukar jirgi kamar motar haya. Ga mutanen tsibiri, rayuwarsu ce take isowa a cikinsa: magani, man inji, tukwanen gas, wasiƙu, siminti, littattafan 'yan makaranta, gawar wanda ya rasu a asibitin ƙetare. Idan ya iso ba a jiran ma'aikata, domin sau da yawa babu su. Mutane ne suke jeruwa, kaya yana bin hannu zuwa hannu har ya hau tudu. Ka shiga layin nan. Kada ka tambayi inda za ka tsaya, ka duba inda tazara ta yi yawa tsakanin mutum biyu ka cike wurin. Kada ka nemi kama igiyar ɗaure jirgi, wannan tana da masu ita, kuma hatsarinta ba kaɗan ba ne ga wanda bai iya ba. Ka ɗauki buhu. Idan an gama, ka lura da tsohuwar da kayanta suka fi ƙarfinta ka kai mata har ƙofa, ka ajiye ka tafi ba tare da ka tsaya jiran godiya ba.

A makonnin farko ba wanda zai ce maka komai. Suna gani. Maganar farko da wani dattijo mai kula da tasha ya taɓa yi mini, bayan ya daɗe yana amsa gaisuwata da kai kawai, ita ce: "Malam, kama nan." Wani dogon katako ne ake saukewa, ya rasa na biyu. Daga ranar ya riƙa ƙirga ni cikin hannayen da yake da su.

Kada ka ɗauka wannan al'adar wuri ɗaya ce. A tsibirin Pitcairn na Tekun Fasifik, inda mutane ba su wuce 50 ba, babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai mutanen gari su tura dogayen kwale-kwalensu su tare shi a teku, kuma aikin gayya na gyaran hanya da kula da kayan jama'a wajibi ne a kan masu ƙarfi. A Tokelau ta Tekun Fasifik, idan maza sun fita kamun kifi na gayya, abin da aka samu ana raba shi ga gidaje gwargwadon yawan mutanensu, har da gidan da ba shi da namijin da zai fita. Dalilin ɗaya ne a ko'ina: hannaye sun yi kaɗan, aiki kuma ba ya raguwa don mutane sun ragu. Tsibirin da hannayensa suka gaza, tashi yake yi. St Kilda ta Sikotland ta rayu ƙarnuka, mazanta suna taruwa kowace safiya a kan titi ɗaya tilo su raba aikin yini, amma da matasa suka watse, mutum 36 da suka rage suka roƙi gwamnati ta kwashe su, aka kwashe su a watan Agustan 1930. Mutanen kowane ƙaramin tsibiri sun san irin wannan labari, kuma da shi suke auna ka: kai ƙarin hannu ne ko ƙarin kaya?

Abu ɗaya game da jirgi kafin in wuce: ka daina mita idan bai zo ba. Iska za ta hana shi, wani lokaci mako guda ko fiye. Ka riƙa ajiye abin da zai ishe ka, musamman magani, ka koyi duba hasashen yanayi da jadawalin cikar teku da janyewarta. A tsibirin Barra na Sikotland, jirgin sama a kan rairayin bakin teku yake sauka, don haka lokacin tashinsa yana bin janyewar ruwa. Wanda yake tsaye a tasha yana faɗa wai an ɓata masa shiri, ya sanar da kowa cewa har yanzu agogon tudu ne a hannunsa.

Ka kwana da su a mummunan lokaci

Kowane tsibiri yana da watannin daɗi da watannin wuya, ko na sanyi da duhu, ko na guguwa, ko na fari. A watannin daɗi gari yana cika da 'yan yawon buɗe ido da masu gidajen hutu, kowa yana cewa nan ne aljannar duniya. Idan lokaci ya juya sai a rufe tagogi a bi jirgi. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma a tsibiri da ido ake ganin haka: a daren hunturu kana iya ƙirga gidajen da fitila take ci.

Ka bar fitilarka tana ci. Shekarar farko da ta biyu, ka daure kada ka tsere a watannin wuya sai da dalili mai ƙarfi. A lokacin ne ake zaman hira na gaske, a lokacin ne rufin wani yake yayewa a fito cikin dare a danne shi, a lokacin ne kuma mutane suke yanke hukunci a zuciyarsu ko ya dace su saba da kai. Ka yi musu uzuri idan sun yi jinkirin sakin jiki. Sun sha shaƙuwa da malamai da ma'aikatan jinya da suka yi alkawarin zama, bayan shekara biyu suka tafi. Yaran ajina sukan tambayi duk sabon malami, tun a makon farko, yaushe zai tafi. Ba rashin kunya ba ne, abin da suka saba gani ke nan.

Bakinka

Ka ɗauka kowa ɗan'uwan kowa ne har sai ka tabbatar da akasin haka. Mutumin da kake kuka da shi a gaban maƙwabciyarka, wataƙila ƙanin mijinta ne. Ita kanta tana iya zaginsa a gabanka daga safe har yamma, amma ranar da ka taya ta, ka zama baƙon da ya zagi ɗan gari. Ka saurara, ka yi shiru, kada ka ɗauki maganar wani gida ka kai wani. Za ka tarar da rigingimu da suka girme ka, a kan iyakar gona ko wurin ɗaure kwale-kwale, kuma kowane ɓangare zai so ya ja ka. Kada ka shiga. Su za su shirya a wurin jana'iza ta gaba, kai ka rage da abokan gaba.

Ka koyi sunaye, na mutane da na wurare. Taswira ba ta ɗauke da rabin sunayen da ake amfani da su: kowane dutse, kowane lungun gaɓa, kowane wurin da ruwa yake juyawa yana da suna, kuma galibi akwai labari a bayansa, wani lokaci labarin wanda ya nutse a wurin. Ka tambayi tsofaffi, suna son a tambaye su. Laƙabi ma haka. A tsibirin Norfolk na ƙasar Ostireliya, inda zuriyar mutum 194 da aka kwaso daga Pitcairn a 1856 suke raba 'yan sunaye kaɗan, littafin lambobin waya yana da shafukan da aka jera mutane da laƙabinsu, don sunan yanka ba ya bambance su. Ka san laƙabin kowa, amma kada ka kira mutum da nasa sai ka ji shi da kansa ya ba ka dama, domin wasu laƙuban a bayan ido kawai ake faɗarsu. Idan suna da harshensu, ka koya da gaske ko da za ka yi ta kwaɓawa. Kwaikwayon karin maganarsu kuwa don a ce ka zama nasu, wannan ka bar shi, kunne yana ganewa.

Jimlar da za ka haramta wa kanka ita ce "a inda na fito ba haka ake yi ba". Kusan duk abin da ka gani ya yi maka kamar wauta yana da dalili, kuma dalilin yawanci iska ce ko ruwa ko wani hatsari da aka taɓa yi. Ka tambayi dalilin da harshe mai laushi. Abin da suke girmamawa kuma ka girmama shi ko ba addininka ba ne. A tsibirin Lewis na Sikotland, kiyaye ranar Lahadi yana da ƙarfin da sai a 2009 jirgin fito ya fara tashi daga Stornoway, babban garin tsibirin, a wannan rana, kuma an sha muhawara kafin a kai ga haka. Baƙon da ya tada injin yankan katako da safiyar irin wannan rana bai karya doka ba, amma ya yi wa kansa asarar shekaru.

Ruwa da wuta

Komai a tsibiri ƙididdigagge ne, kuma ɓarnarka a jikin wani take fita. Ƙasar Tuvalu ta Tekun Fasifik ta kafa dokar ta-ɓaci a 2011 saboda ƙarancin ruwan sha. A Eigg ta Sikotland, wadda mazaunanta suka haɗu suka saye ta a 1997, sun kafa wutar lantarkinsu daga ruwa da iska da hasken rana a 2008, suka kuma amince kowane gida kada ya ja fiye da kilowat 5 a lokaci guda. Ka tambayi inda ruwanka yake fitowa, da inda shararka take zuwa, da wanda yake tashi cikin dare idan injin wuta ya tsaya. Idan da kanti a tsibirin ka yi ciniki a cikinsa ko da ya fi na tudu tsada, domin ranar da ya rufe tsofaffin da ba sa iya odar kaya ta intanet ne za su sha wuya.

Ka karɓi aiki, ka kuma nemi taimako

Bayan ka ɗan zauna za a fara kawo maka tayi: ƙungiyar kashe gobara ta sa-kai, masu ceto a teku, kwamitin makaranta, sharar maƙabarta, riƙe littafin kuɗin zauren taro. A ƙaramin tsibiri mutum ɗaya yakan riƙe aiki uku ko huɗu. Ka karɓi ɗaya, mara suna, wanda kowa yake gudu, ka riƙe shi ba fashi. Kujerar shugabanci kuwa ka guje mata a shekarun farko ko da an miƙo maka. Sau da yawa ana tura wa baƙo ita ne don babu ɗan garin da yake son ɓata da danginsa, kuma idan hukunci ya yi ɗaci a kanka zai ƙare. A taron gari ka halarta kullum, ka yi magana kaɗan. Idan kana da wata dabara mai amfani, ka fara kai ta wurin mutum ɗaya da ake jin maganarsa, ku tattauna a gefe. Da ɗan gari akan ci gari. Idan ta fito daga bakinsa ta karɓu, kada ka damu da wanda aka yaba wa.

Jana'iza ba a jiran gayyata. Ko ba ka san mamacin sosai ba ka je, ka tsaya a baya, ka yi abin da ka ga ana yi. A tsibirai da yawa maƙwabta ne suke haƙa kabari su ɗauki gawa, don babu wanda ake biya ya yi. Iyali suna riƙe sunan duk wanda ya zo, suna kuma riƙe na wanda bai zo ba.

Akwai wani ɓangare da masu zuciyar kirki suke kuskurewa, kuma ina so ka kula da shi sosai. Suna ta bayarwa, suna ta taimako, amma ba sa taɓa neman komai a wurin kowa. Abin da ya lalace su kira ma'aikaci daga tudu, abin da suka rasa su saya. Mutumin da ba ya bukatar kowa ba ya shiga lissafin jama'a, domin zaman tsibiri bashi ne da yake zagayawa ba a taɓa biyansa duka. Ka ari tsani. Ka roƙi a duba maka injin da ya ƙi tashi. Idan an yi maka aiki kada ka zaro kuɗi nan take kamar mai son a rabu, sai dai in sana'ar mutumin ce, wannan ka biya shi cikakke kuma a kan lokaci. In ba haka ba ka riƙe alherin a ranka, ka rama idan dama ta zo, ko bayan watanni.

Maganar gida ita ce mai zafi a yau. Ƙasar tsibiri ba ta ƙaruwa, kuma duk gidan da mai kuɗin waje ya saya ya kulle sai lokacin hutu, wasu matasa ne da suka so yin aure su zauna suka rasa shi. Idan suka tafi, 'ya'yansu ba za su shigo ajina ba, kuma makarantar da yaranta suka ƙare rufe ta ake yi, daga nan sauran masu ƙananan yara su bi jirgi. Saboda haka ka fara da haya, ka ga shekara ta zagayo. In za ka saya, ka sayi wanda za ka zauna a ciki. Kada ka katange hanyar da mutane suka saba bi zuwa gaɓa don takarda ta ce filinka ne.

Za ka gane al'amari ya fara sauyawa ta alamomin da ba su yi kama da karramawa ba. Za a daina yi maka ladabin baƙo. Za a yi maka faɗa a gaban mutane don ka ɗaure kwale-kwale ba daidai ba. Za a shigo gidanka ba a tsaya dogon sallama ba, a ɗauki abin da ake bukata a gaya maka daga baya. Za a ci gaba da zancen da ake yi idan ka shigo, maimakon a sauya shi. Wata rana za a buga maka ƙofa da tsakar dare don ana neman mai riƙe fitila a tasha, za a fitar da mara lafiya. Duk da haka, a wani taron da rai ya ɓaci, wani zai iya jefa maka cewa kai ba ɗan nan ba ne. Ka haɗiye, kada ka lissafa masa ayyukanka. Waɗanda suke zaune a wurin sun san su, kuma galibi a cikinsu ne wani zai ba shi amsa.

Idan kuma rayuwa ta tilasta maka tafiya, ka faɗa da wuri, watanni kafin ranar, don a sami wanda zai gaje ka. Ka koya masa aikin da kake riƙe da shi, ka miƙa makullai da littattafai hannu da hannu, ka mayar da duk abin da ka ara. In kana da gida, ka fara yi wa mazauna tsibirin tayinsa kafin ka tallata shi a waje.